Jitar da Ke Son Zama Goge

Duk ranar Lahadi kasuwar Mai'adua kan cika da shanu da raƙuma da tumaki, da fatake daga sassan Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Hanyar da ta ratsa yankin tana tsallaka iyaka a Kongolam, ta nufi Matamaye da Damagaram, daga can kuma ta miƙe arewa ta Tanut har Agadas. Dabbobi da hatsi su ne hajar da ido ke gani a kan wannan hanya, amma akwai wata hajar da ke bin ta a cikin aljihu, a wayoyin hannu da katunan memori, wato kiɗa. An rufe iyakar a watan Agustan 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yulin 2023 har zuwa watan Maris na 2024, duk da haka waƙa ba ta fasa tsallakawa ba. Shi ya sa kiɗan jitar Abzinawa, wanda duniya ta sani ta hannun Tinariwen da Bombino da Mdou Moctar, ba baƙo ba ne ga kunnen mutumin kan iyaka.

Daga sauraro kuwa sha'awa kan taso. Matashin da ya yi tanadi ya sayi jitar lantarki da 'yar ƙaramar amfilifaya, a Daura yake ko a Mai'adua ko a Zango, yakan ci karo da takaici tun ranar farko. Yana taɓa tsirkiya sai amon ya fito a bushe, ya yi tsalle ɗaya ya mutu, alhali abin da ya ji a waya amo ne mai laushi da ke miƙewa yana lanƙwasa kamar muryar mutum. In ya ƙura wa bidiyon gwanayen ido, zai ga wasu 'yan akwatunan ƙarfe a gaban ƙafafunsu suna takawa. Su ne ake kira feda, kuma wadda ta shafi wannan magana ita ce fedar ƙure sauti, wadda akan ga an rubuta Over Drive a jikinta. Da zarar ya nemi bayaninta a intanet, sai ƙofar ruɗani ta buɗe: ɗaruruwan sunaye, kowanne da masu yi masa kirari, farashi kuma da dala. Ga wanda ke samun kuɗinsa da naira, kuskure ɗaya a wannan ciniki na iya lashe tanadin watanni.

Ma'aunin da zai fisshe shi kuwa yana tare da shi tun yana goye. Amon da makaɗan jita na Amurka da Ingila suka shafe shekaru suna nema da wayoyi da na'urori, shi ne amon da goge da kukuma ke fitarwa da izga da ƙoƙo. Kunnen da ya tashi da jin su ya fi kowane jerin sunaye cancantar ya zaɓi feda, muddin mai shi ya fahimci abin da akwatin ke yi.

Abin da ke faruwa a cikin akwatin

Tsirkiyar jitar lantarki ta ƙarfe ce. Idan aka taɓa ta, tana karkarwa a saman wasu maganaɗisai da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, waɗanda su ne kunnuwan jitar, su kuma su mayar da karkarwar ta zama 'yar raunanniyar wuta mai hawa da sauka. Amfilifaya ke ƙara wa wannan wuta ƙarfi ta tura ta zuwa sifika. Kowace amfilifaya tana da iyakar da ba ta iya wucewa, kuma in aka tura mata abin da ya fi ƙarfinta sai ta aske kan igiyar sautin sama da ƙasa. Askin nan yana haifar da abubuwa biyu. Na farko, ƙarin 'ya'yan amo kan fito a saman amon asali, ninkinsa biyu da ninkinsa uku da na gaba da su, sai sautin ya yi kauri. Na biyu, tazarar da ke tsakanin bugun farko mai ƙarfi da wutsiyar amon mai rauni takan ragu, domin an danne kai an ɗaga wutsiya, sai kunne ya ji kamar amon ya ƙi mutuwa. Wannan shi ne dogon numfashin da ake nema.

Tun asali haɗari ne ya gabatar da wannan sauti ga jama'a. A 1951, a birnin Memphis na Amurka, an ɗauki waƙar Rocket 88 da amfilifayar Willie Kizart wadda sifikarta ta lalace a hanya, aka bar ƙarar yadda ta fito. Bayan kusan shekara goma, a Nashville, wata na'urar situdiyo ta samu matsala ana cikin ɗaukar waƙar Don't Worry ta Marty Robbins, injiniyan wurin Glenn Snoddy ya ƙera da'irar da ke kwaikwayon matsalar, kamfanin Gibson ya fito da ita kasuwa a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Ta yi tashe a 1965 da ƙungiyar Rolling Stones ta yi amfani da ita. Sai dai amonta irin na yagewar ƙyalle ne. Masu son laushi sun fi ƙaunar abin da amfilifaya mai ƙwayayen gilashi, irin na tsofaffin rediyoyi, ke yi idan an ƙure ta, domin ita ba ta datse kan igiyar sauti farat ɗaya, lanƙwasa shi take yi sannu a hankali. Illarta ita ce ba ta yin haka sai ƙara ta kai inda maƙwabta za su fito. An ƙirƙiro fedar ƙure sauti ne domin a sami wannan laushin ba tare da an tashi unguwa ba.

Zuciyar yawancin irin waɗannan fedoji wasu 'yan ƙananan kayan lantarki ne da ake kira dayod, kuma inda aka dasa su a cikin da'irar shi ke raba gardama. A Boss OD-1 ta 1977, da Ibanez Tube Screamer TS808 da Susumu Tamura na kamfanin Maxon ya tsara a 1979, da Boss SD-1 ta 1981, an dasa su ne a hanyar da sauti ke komawa cikin sashen da ke ƙara masa ƙarfi, saboda haka askin nasu saisaye ne, kuma wani kaso na amon asali yana wucewa ba a taɓa shi ba. A Boss DS-1 ta 1978 da ProCo RAT kuwa an dasa su ne a bakin fita, inda suke yi wa igiyar askin ƙwalƙwal, amon ya fito da kaushi da cizo. Mai neman jita ta rera, dangin farko ne nasa.

Akwai wata dabara ta biyu a cikin Tube Screamer da ta fi ta farko muhimmanci. Kafin askin, tana rage ƙarfin sautin da ke ƙasa da kimanin haz 720, bayan askin kuma ta tace kaifin da ke sama. Abin da ya rage shi ne sautin tsakiya, ya fito gaba ya tsaya. Tsirkiya mafi kauri a jita tana karkarwa ne sau 82 a daƙiƙa, wato can ƙasa, yayin da tsohon layin tarho aka tsara shi ya ɗauki abin da ke tsakanin haz 300 da 3,400 kawai, domin a nan ne kunne ke gane maganar mutum. Ashe ke nan aikin fedar shi ne ta ɗauko jita daga inda take ta zaunar da ita a mazaunin murya.

Kunnen da ya tashi da goge

Wanda ya san goge ya san wannan mazauni. Ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza, da tsirkiya ɗaya ta izgar doki, da baka na izga da ake goga mata. Bakan yana kama tsirkiyar ya sake ta, ya kama ya saki, sau ɗaruruwa a daƙiƙa, saboda haka amon ba ya yankewa muddin hannu yana tafiya, kuma wannan kamu da sakin yana cika shi da 'ya'yan amo. Ƙoƙon kuma ƙarami ne, ba ya iya fitar da sautin ƙasa mai zurfi. Dogon numfashi, da kaurin 'ya'yan amo, da zama a tsakiya, su ne siffofin da injiniyoyin Japan suka tara a cikin akwatin ƙarfe, kuma su ne siffofin goge da ƙanwarsa kukuma, wadda Ibrahim Nahabu da Garba Supa da Hassan Wayam suka shigar da ita kowane gida ta rediyo da kaset. Abzinawa ma suna da nasu gogen mai tsirkiya ɗaya, imzad, wanda mata ke gogawa tun kafin jita ta shiga Sahara. A fada kuma, duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah ko na Gani a Daura ya ji yadda mai algaita ke cika kumatu da iska yana shaƙar wata ta hanci, amon na tafiya babu yankewa.

Harshen Hausa kansa yana da hannu a wannan ƙauna. Kalmominsa suna tafiya ne da karin sauti, na sama da na ƙasa da faɗau, da kuma dogon wasali da gajere, kuma ma'ana kan sauya idan ɗayansu ya sauya. Kayan kiɗan da ke son ya yi magana da Hausa dole ya iya riƙe amo gwargwadon dogon wasali, ya kuma iya zamewa daga sama zuwa ƙasa a cikin gaɓa ɗaya. Kalangu yana yin haka da matsa tsarkiya a hammata, goge yana yi da zamewar yatsa. Jita tana da hanyarta, wato tura tsirkiya gefe da yatsa har amon ya hau, a kuma sake ta ya sauko, amma wannan lanƙwasa ba ta jiyuwa in amon ya riga ya mutu kafin yatsa ya gama tafiya. Feda tana ba wa amon tsawon ran da zai kai ƙarshen gaɓar. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta sayenta ga makaɗin da ke tunani da Hausa, kuma ita ce ke nuna iyakar abin da ake buƙata daga gare ta, wato gwargwadon abin da zai riƙe amo, ba tare da ya binne kalmar ba.

Haka nan ɗan kaushi a cikin amo ba aibi ba ne a kunnen ƙasar Hausa. Kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, kuma irinsa akan maƙala masa ƙarfe mai zobba a kan wuya domin ya riƙa sheƙi tare da kowane bugu. Da gangan ake ƙara wannan zizar, kamar yadda ake ƙara yaji a miya. Mai dafa abinci kuwa ya san yajin da ya wuce kima yana kashe ɗanɗanon sauran kayan.

Darasin Sakkwato da Agadas

Tun daga ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano, ya maye gurbin makaɗa da dama a waƙoƙin finafinai, daga baya kuma manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, ta zo ta lulluɓe muryoyin mawaƙa da santsi. Masu suka suna ganin wannan a matsayin lalacewar kiɗa, kuma suna da hujja ta fuskar makaɗan da suka rasa sana'a. Amma ta fuskar kunne, abin da jama'a suka runguma a cikin waccan muryar mai santsi ɗan'uwan abin da suka sani ne a kukuma, amo mai zamewa daga mataki zuwa mataki ba ya karyewa.

Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, ya bi ta wannan ƙofar. Jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke, bayan ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen jitar Abzinawan Nijar. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da salon situdiyon Hausa da muryar Auto-Tune, waƙoƙin kuma suka yaɗu daga waya zuwa waya a faɗin Sahel. Ta haka Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ji shi, ya sanya waƙarsa a tarin Music from Saharan Cellphones a 2011. Mutumin da jaridun Turai da Amurka ke jerawa yau cikin manyan makaɗan jita na zamani, sunansa ya fara tafiya ne da kayan aiki masu araha da kunnen da ya san abin da mutanensa ke so.

Mai ja da wannan magana zai ce amon Mdou Moctar a Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 ba mai laushi ba ne, wuta ce ke ci, Tinariwen kuma, waɗanda suka ci kyautar Grammy a 2012, yawancin jitarsu kusan tsabtatacciya ce babu ƙurewa. Gaskiya ne, kuma babu dokar da ta ce kowa sai ya nemi laushi. Amma akwai wani abu a salon Sahara da ke goyon bayan sassauci. Makaɗin yakan bar tsirkiya ɗaya tana ruri a ƙasa babu tsayawa, yana zuba waƙar a kan sauran tsirkiyoyin da saurin yatsu. Idan amo biyu suka shiga askin ƙwalƙwal tare, sukan haifi wasu sautuka na uku da ba su dace da ko ɗayansu ba, kiɗan ya dagule. Wanda ya ƙware zai iya hawa wannan dagulewar ya sarrafa ta, kamar mahayin da ya san dokinsa. Mai koyo kuwa ita ke hawansa, ta ɓoye masa kurakuransa har ya saba da su. Bombino, wanda Dan Auerbach ya shirya wa kundin Nomad a Nashville a 2013, wanda kuma kundinsa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka tsayar takarar Grammy, misali ne na tsaka-tsaki: akwai zafi a amonsa, amma kowane taɓi na yatsa yana fita daban.

Kasuwar suna

Babu inda suna ya fi yin tsada kamar kasuwar feda. Bill Finnegan ya fara ƙera Klon Centaur da hannunsa a Amurka a 1994, ya yi kimanin guda 8,000 cikin shekara goma sha biyar, yana shafe da'irar da baƙin danƙo don kada a kwafa. Da ya daina yin ta, farashin tsofaffin ya haura dubban daloli. A watan Maris na 2023, Josh Scott, mai kamfanin fedoji na JHS, ya fitar da bidiyo yana gwada ta kafaɗa da kafaɗa da DigiTech Bad Monkey, wata tsohuwar feda mai araha da aka daɗe da yin watsi da ita, ya nuna cewa in an daidaita su da kyau da wuya kunne ya raba su. Cikin 'yan kwanaki farashin Bad Monkey ya ninka sau da yawa a kasuwar kayan hannu. Jama'a sun ji darasin, sai suka juya shi baibai, suka bar wani suna suka bi wani.

Da'irar Tube Screamer ba sirri ba ce. Kayan cikinta 'yan ƙalilan ne, irin waɗanda mai gyaran rediyo ke gani kullum a kan teburinsa, kuma kamfanoni irin su Behringer da Joyo da Mooer suna sayar da kwafinta a kan ɗan kaso na farashin ta asali. A wajen amo, tazarar da ke tsakaninsu ƙarama ce. Inda karin maganar nan ta araha ba ta ado ke da gaskiya shi ne wajen jiki: akwatin roba da makunni mai rauni ba sa jure takun ƙafa a filin biki, da jijjigar bayan babur, da ƙurar hunturu. Saboda haka tsohuwar SD-1 ta hannu mai jikin ƙarfe kan fi sabuwa ta roba riba, ko da kuɗinsu ya zo ɗaya. Akwai kuma na'urori masu ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin na Zoom da Boss, da ke tara amo iri-iri a akwati guda. Ga mai wasa a bukukuwa da ke buƙatar launuka da yawa suna da amfani, sai dai suna shan wuta fiye da feda mai aiki ɗaya, kuma yawan zaɓi kan sa mai koyo ya ɓata lokacin atisaye wajen latse-latse.

Yadda ake duba haƙoran feda

A karar Mai'adua babu mai hankalin da ke sayen sa saboda kirarin dillali. Buɗe bakinsa ake yi a duba haƙora, a sa shi ya taka a ga tafiyarsa. Feda ma haka take, illa dai a nan ji ne ke korar gani. Mai saye ya je da jitarsa da amfilifayarsa in da hali, domin feda ba ta da amo nata na kanta, tana canza abin da aka ba ta ne. Ya fara saita amfilifayar a tsabtace, ya zaɓi kunnen jitar da ke kusa da wuya, wanda ya fi na kusa da gada taushi. A kan fedar akwai maɓallai uku, na ƙurewa da na kaifi da na ƙara. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a murɗe na ƙurewa har ƙarshe. Ya bar shi a rubu'i ko sulusi, ya ɗaga na ƙara ya ɗan zarce amon da babu feda, sannan ya rage kaifi daga jikin jitar kanta. Da irin wannan ragin kaifi ne Eric Clapton ya sami amon da ya yi suna da shi a 1967, da jitar Gibson da amfilifayar Marshall da aka ƙure.

Daga nan sai gwaji. Ya taɓa amo ɗaya ya bar shi, ya saurari wutsiyarsa: ta kirki takan dusashe a hankali kamar mai goge yana sassauta baka, marar kyau kuwa takan ƙare da tartsatsi. Ya taɓa a hankali sannan da ƙarfi, ya ji ko fedar tana bin hannunsa, domin wadda ta mayar da raɗa da tsawa abu ɗaya ta ƙwace masa rabin maganarsa. Ya rage ƙarar jitar daga jikinta, ya ji ko amon ya koma kusan tsabtatacce. Ya bar tsirkiya ɗaya tana ruri ya yi waƙa a kan wata, ya ji ko biyun suna rabuwa. Sannan ya kaɗa wani karin kukuma da ya haddace tun yana yaro, wanda kunnensa ba zai yarda a yi masa ha'inci a kansa ba. A ƙarshe ya ɗauki sautin da waya ya saurara, domin ta 'yar sifikar waya mafi yawan masu sauraronsa za su ji shi, ita kuwa ba ta fitar da sautin ƙasa, na tsakiya take ɗauka. Amon da ya zauna a mazaunin murya shi ke tsira a wannan gwaji, haka kuma shi ke ratsa kalangu da ganga a filin wasa.

Akwai togaciya ɗaya. An tsara Tube Screamer ne da tunanin amfilifaya mai ƙwayayen gilashi, alhali abin da ya fi samuwa a hannun matasa ƙananan amfilifayoyi ne na tiransisto masu ƙaramar sifika. A kan irin waɗannan, tudun tsakiyar nan na iya yin yawa har jita ta riƙa magana ta hanci. Maganinsa shi ne a rage sautin tsakiya daga amfilifayar, in bai yi ba a gwada irin Boss BD-2 Blues Driver ta 1995, wadda ba ta yanke sautin ƙasa sosai.

Sai maganar wuta, wadda masu ba da shawara daga ƙasashen waje ba sa kawowa. Wutar gida a Nijeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma kunnen jita mai naɗi ɗaya, irin na Fender Stratocaster, yana tsintar wannan gunjin. Feda ba ta san bambancin gunji da waƙa ba, duka take ƙara wa ƙarfi, saboda haka duk ƙarin ƙurewa ƙarin gunji ne, balle in janareta ne ke aiki ko adafta mai araha. Kunne mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙera wa Gibson a tsakiyar shekarun 1950, yana kashe yawancin gunjin. Hanya mafi sauƙi kuwa batir ne mai bolt 9: irin wannan feda kaɗan take sha, batir ɗaya kan yi awoyi masu yawa, muddin ana zare wayar jita daga jikinta bayan an gama, domin shigar wayar ce ke kunna ta. Mai amfani da adafta ya tabbata mai bolt 9 ce kuma tsakiyar bakinta shi ne ɓangaren ragi, kamar yadda Boss da Ibanez suke buƙata, don kuskure a nan na iya ƙona fedar.

Bayan duk wannan, kaso mafi girma na rerawar jita yana yatsu ne. B.B. King ya yi suna da girgiza tsirkiya da yatsa ɗaya, kuma wanda bai iya tura tsirkiya ta tsaya daidai kan amon da yake nufi ba, feda za ta ƙara bayyana karkacewarsa ne kawai. Kuɗin da aka rage daga farashin suna ya fi amfani a sababbin tsirkiyoyi, da waya mai kyau, da gyaran wuyan jitar.

Abin da ke cikin wannan ciniki ya wuce akwatin ƙarfe. Arewacin Nijeriya yana da dukiyar karin goge da kukuma da gurmi da garaya wadda yawancinta ke kwance a tsofaffin kaset, yayin da a tsallaken iyaka ƙungiya irin Tal National ta Yamai ta ɗora kaɗe-kaɗen Hausa da Zabarma da Fulani da Abzinawa a kan jitar lantarki, ta kai su dandalin duniya da kundin Kaani a 2013. Matashin da ya kwaikwayi amon Santana ko na Mdou Moctar tsaf zai zama ɗaya daga cikin dubbai, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Wanda ya zauna da kaset ɗin Hassan Wayam ya kwashe karinsa yatsa bayan yatsa, ya nemi fedar da za ta riƙe masa amo har ya gama faɗin kalmar, yana da abin da babu mai shi a Nashville ko Landan, kuma tsohuwar feda ta hannu da batir mai bolt 9 sun ishe shi fara aikin.